Dokar Zaki a Kan Bishiyar Kanya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Kaji da jemagu suka yi ta rigima kan wata kanya mai zaƙi. Sarki Zaki bai saurari kowa ba, sai Dila.

Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, a raba musu lokaci. Jemagu da rana, kaji da dare."

Kaza ta ce, "Ai dundumi muke yi da dare."

Jemage ya ce, "Mu kuma da rana barci muke."

Zaki ya ce, "Doka doka ce."

Yunwa ta rufe bakin kowa. Zaki yana ta alfahari ya kawo zaman lafiya, Dila kuwa ya sha kanya har wandonsa ya yage.

Ƙurunƙus kan ɗan jemage!