Ranar da Alƙali Jibo Ya Faɗi a Kotu

An ce wai a wani gari na bakin fadama an yi wani alƙali, Malam Jibo, tsoho mai jinkirin magana. Wata rana aka gurfanar da Sambo direban a-kori-kura a gabansa, ana neman a ɗaure shi kan ran mutum.

Wani magidanci ne, Mati, ya faɗo daga kan giginya. Jama'a suka kewaye shi suna ta salati, kowa hannunsa a baya, don a garin an saba wanda ya taɓa mai rauni shi ake riƙewa. Sambo ya kasa wucewa. Ya cicciɓe shi, ya zaunar da shi a gidan gaba na motarsa, ya nufi asibiti, amma kafin su isa rai ya yi halinsa. Likita ya ce wuya ne ya karye, kuma da an kwantar da shi bisa katako, wataƙila da ya rayu.

A kotu Ɗantani, yayan mamacin, ya ce cikin kuka, "Allah ya gafarta Malam, wa ya aike shi? Zaunar da ƙanena da ya yi ne ya ƙarasa shi."

Sambo, abin tausayi, ya ce, "Ban san zancen katako ba. Na dai ga yana numfashi."

 Can alƙali ya miƙe kamar zai shiga ciki, ya yi taga-taga, ya zube ƙasa. Ɗantani ne ya riga kowa kai masa, ya tallafo wuyansa ya ɗago shi zaune.

Tsohon ya buɗe ido. "Ɗana, ka tabbatar wuyana bai karye ba kafin ka ɗaga ni?"

Ɗantani ya sunkuyar da kai.

Alƙali ya ce, "Da na cika a hannunka, 'ya'yana su kawo ka nan? Ƙanenka ya tafi, kuma ina jin zafinka. Amma in na ɗaure Sambo yau, gobe kai za ka faɗo a tsaya ana kallonka."

Ya sallami Sambo, bisa sharaɗin ya koyi ɗaukar mai rauni wurin likita, ya koya wa sauran direbobi, kuma kowace motar garin ta riƙa yawo da katako. Ɗantani da kansa ya sassaƙo katakon farko daga giginyar nan.

Wanda ya yi kuskure garin ceto, koya masa ake yi, domin in aka hukunta shi babu sauran mai miƙa hannu.