Ƙaron Inna Hajara

Akwai wani Kailu, ɗan Filinge, da ya tafi karatun kimiyya ƙasar waje a shekarar da soja suka miƙa mulki. Aikinsa a kan wasu ƙananan bututun karbon ne, wato baƙin sinadarin da ke cikin gawayi, waɗanda gashin kai ma ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Yakan zuba su a ruwa, ya haska musu wani siririn haske da ake kira leza, yadda hasken ya tarwatse shi ke gaya masa halinsu.

Sai dai abin ya ƙi. Da ya zuba su sai su cure, su kwanta a gindin kwalba, awon ya lalace. Profesansa ya ba shi wata uku: ko sakamako, ko ya tattara nasa ya nasa.

Ana cikin haka ya zo gida ganin mahaifinsa. Ya tarar da gwaggonsa, Inna Hajara, tana kankare baƙin gindin tukunya, don ita ke haɗa wa malaman unguwa tawada. Ganin ya rame, ta tambaye shi damuwarsa. Ya yi mata bayani sama-sama, irin na wanda yake ganin ɓata bakinsa yake yi.

Ta ce, "Ɗana, baƙi ba ya zamnawa cikin ruwa shi kaɗai. Sai ka sa mai ƙaro."

Ta ɗaga kwalbar tawadarta ga rana, ta nuna masa babu gudaji ko ɗaya. Kailu ya yi dariya, ya ce nasa ba tawadar allo ba ce. Ba ta ji haushi ba. Ta ƙulla masa ƙaro a tsumma, ta cusa a jakarsa.

Ya koma, ya gwada duk dabarar da ya sani, shiru. Saura sati biyu, ido ya raina fata, ya tuna da ƙullin nan. Ya jiƙa ƙaron, ya gauraya. Bututun suka watsu a ruwa, aka kwana uku ba su cure ba, awo ya fito tsaf. Kunya ta kama shi har cikin ransa.

Da ya dawo Filinge da kundin binciken digirinsa, gidan Inna Hajara ya fara zuwa. Ya durƙusa, ya nuna mata shafin farko, inda ya rubuta sunanta.

Ta ce, "Mi ka rubuta nan?"

Ya ce, "Sunan malamata, Inna."

Darasi: Kada karatunka ya sa ka raina sanin wanda bai shiga aji ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu digiri.