Dattijon da Ya Ƙi Gudu

A zamanin da, a wata ƙasa da ke bakin wani babban kogi, an yi wani Sarki mai suna Jatau, wanda ya hau gadon ubansa bayan 'yar gardama da 'yan'uwansa. Maroƙa sun ce gardamar ba ta yi zafi ba, rabin garin kawai aka sake ginawa bayanta. Tun daga nan Sarki bai ƙara sakin jiki da kowa ba. Wanda duk ya gaishe shi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin dalili.

Sai ya kafa doka: kowane mai sarauta da kowane mai unguwa ya zo fada, ya dafa mashin kakan da ya kafa garin, ya rantse cewa babu wani umarni, a sama ko a ƙasa, da ya fi na Sarki. Wanda ya ƙi, kansa ne a bakin takobi. Hakimai suka rantse. Shugabannin fatake suka rantse, wasunsu har da maimaitawa don kada a ce ba a ji ba. Masanan fada suka yi nazari, suka gano cewa maganar tana da wata fassara marar laifi, suka rantse a kan fassarar.

To, akwai unguwar masaƙa a gabashin gari, mutanenta masu bin Almasihu ne, mai unguwarsu wani dattijo ne ana ce masa Irmiya. Su ne kan fara fitowa in aka kira gyaran ganuwa, kuma kowace Lahadi sai sun roƙa wa Sarki lafiya da sunansa. Da layi ya zo kan Irmiya, ya faɗi ya yi gaisuwa yadda ta kamata, amma hannunsa bai kai ga mashin ba.

Ya ce, "Allah ya ja zamaninka. An koya mana cewa sarauta daga Allah take, wanda ya yi wa Sarki tawaye da Allah yake ja. Ka aike ni ko'ina, zan tafi. Amma wanda ya ba ka kujerar yana samanka. In na rantse cewa ba haka ba ne, na yi maka ƙarya a gaban jama'a, ƙarya kuwa ba ladabi ba ce."

Sarki ya ce a kai shi ɗakin jira, ranar kasuwa a zartar da hukunci.

A nan sai an yi bayanin wata al'ada. A ƙasar, in aka yanke wa mutum kisa, akan sa shi a wani ɗaki kusa da ƙofar kogi, dogarai su manta ba su kulle ba, su tafi cin abinci, su daɗe. Mutumin sai ya sulale ya haye kogi zuwa ƙasar maƙwabta. Sarki ya nuna iko, jini bai zuba ba, kowa ya tsira da mutuncinsa. Ba a taɓa faɗin wannan al'ada da baki ba, kuma ba a taɓa samun wanda ya kasa fahimtarta ba, sai Irmiya.

Dogarai suka ci abinci, suka dawo, suka tarar da shi zaune. Suka sake tafiya, suka ƙara daɗewa, ɗayansu ma ya yi gyaran murya ya nuna masa hanyar kwata, inda ake shiga jirgi, da haɓa. Irmiya ya gode masa.

Matarsa Tabita ta zo da ƙullin kaya a ka. Ta ce, "Baban Lami, tashi. Mai fito yana jira."

"Ba a sallame ni ba."

"Wa ya taɓa jiran sallama a ɗakin nan? Ƙofa ce wannan, ka gan ta, a buɗe take kamar bakin rijiya!"

"Sarki ya ce in zauna. Wannan umarnin ba ya saɓa wa Allah, don haka dole in bi. Wancan ne kaɗai na ƙi. In na ƙi magana sannan na guje wa hukuncinta, ba biyayya na yi wa Allah ba, dabara na yi."

Tabita ta sauke kayan. Ta ce, "Shekara da shekaru ina fama ka zauna gida ka huta, ka ƙi. Yau da ake so ka tashi, ka ga wurin zama." Ta share ido da bakin mayafi, ta zauna gefensa, ta kwance ƙullin ta miƙa masa dawo.

Labari ya kai fada. Aka aika a kira Hauni, wato mai sare kan waɗanda aka yanke wa kisa. Aka same shi a lambunsa na albasa. Ya ce shi ya gaji sarautar ce daga ubansa, wanda shi ma bai taɓa sare komai ba sai kabewa, kuma takobin yana wurin uwargidansa, sai an tambaye ta.

Sarki ya keɓe da Waziri. Ya ce, "Waziri, mutumin nan zai sa ni kisan kai. In na kashe shi, na kashe mai yi mini addu'a. In na janye, gobe kowa ya ƙi maganata. Wane irin talaka ne wannan da ba ya jin ishara?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, dokar nan an yi ta ne don a gane masu tsayawa tare da kai. Mu gwada ta. A yi shela cewa cikin waɗanda suka rantse an gano mai rantsuwar ƙarya, kuma duk za a tsare su a ɗakin jira har a tantance."

Aka yi haka da hantsi. Aka tara hakimai da masana da shugabannin fatake a ɗakin, dogarai suka tafi cin abinci. Kafin la'asar masu fito sun gaji da tuƙi. An ce wani hakimi, da ya ga jirage sun ƙare, ya tuna cewa ya iya iyo. Shi kansa Waziri, wanda ya ƙulla dabarar, an ga dokinsa ɗaure a kwata da sirdi, ya ce wanka aka kai shi.

Sarki ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin. Ya tarar da rawuna da takalma warwatse, da dattijo ɗaya da matarsa. Suka faɗi suka yi gaisuwa.

Sarki ya zauna a bakin ƙofa, abin da ba a taɓa gani ba. Ya ce, "Dattijo, zan tambaye ka, kada ka lallashe ni. In ɗaya daga cikin 'yan'uwana ya dawo da mayaƙa, kana ina?"

"Ina kan ganuwa tare da 'ya'yana, Allah ya taimake ka. Ba za mu buɗe masa ƙofa ba."

"In ya ci ni, ya zauna a kujerata?"

Tabita ta taɓa mijinta da gwiwar hannu. Irmiya ya ce, "Za mu yi kukanka. Ran Lahadi kuma mu roƙa masa lafiya da sunansa."

Fuskar Sarki ta canza. "Ashe ba ni kuke so ba."

"Muna sonka. Amma ba don muna sonka muke bin ka ba. Da don so ne, ranar da ka ɓata mana rai da mun daina. Ka ɓata mana, ga mu zaune."

Ba amsar da Sarki ya zo nema ba ce, amma ita kaɗai ce aka ba shi a shekarar da bai yi zargin akwai wani abu a bayanta ba.

Ya miƙe ya ce, "Na soke rantsuwar. Tashi ka tafi gida."

Irmiya ya ce, "Umarni ne, ranka ya daɗe?"

Tabita ta ce, "Umarni ne mana! Ɗauki sandarka."

Aka aika hayin kogi aka yi wa waɗanda suka gudu afuwa. Suka dawo a hankali, kowa da bayaninsa, mafi yawa sun ce ziyarar dangi suka je. Sarki ya mayar da kowa kan muƙaminsa, don ba a mulki da mutum ɗaya, ko da mai gaskiya ne.

Masana sun ci gaba da muhawara ko Irmiya adali ne ko mai taurin kai, har yau ba su gama ba. Abin da aka tabbatar dai shi ne Sarki Jatau ya daɗe yana mulki, kuma kafin ya kafa kowace doka yakan tambayi kansa ko zai iya zartar da ita a kan wanda ba zai gudu ba. Dokokin zamaninsa ba su da yawa.

Iyakar abin da ya iso gare mu ke nan, sauran yana wurin waɗanda suka gani.