Rumbun da Ya Ƙone Ba Ƙamshi

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kunnenmu na wurinki.

To ku matso. Kurege ne dai, kun san shi da gyaɗa. Ran nan da tsakar rana, kowa na barci a inuwa, ya haƙa rami ya ɓulla cikin rumbun gyaɗar Zaki, sarkin dawa. Ya laluba nan, wayam. Ya laluba can, wayam. An kwashe har an share. Yana tsaye yana tsaki sai ya ji hayaƙi. Ya leƙa, ga Kura, sarkin yaƙin Zaki, tana cinna wa jinka wuta. Ya faɗa rami da wutsiya a babbake.

Kafin toka ta huce an kaɗa ganga. Kura ta hau suri ta ce, "Jama'a, Biran ƙetaren rafi sun ƙone mana abincin shekara! Sarki ya ce gobe yaƙi, fadamarsu kuma ta zama tamu. Masu haƙa rami ne a gaba. Kurege, kai ne na farko."

Kurege ya shiga lissafi. In ya yi shiru, gobe Birai su rotsa masa kai da dutse. In ya ce ya ga rumbu wayam, a ce me ya kai shi ciki?

Sai ya zauna kan wutsiyarsa don ɓoye ƙunar, ya ɗaga hannu ya yi wa Zaki jinjina. "Ranka ya daɗe, yaƙi kam sai mun yi. Roƙo ɗaya gare ni. A bar talakawa su yi kala a tokar nan, gyaɗar da ta gasu ai guzuri ce."

Zaki ya dubi Kura, Kura ta dubi ƙasa. Ko marowacin manomi ba ya hana kala, balle sarki. Zaki ya ce a yi.

Aka duƙufa. A tona nan, toka. A tona can, toka. Ko ɓawo babu. Tsohuwar Bushiya ta miƙe tana shinshine, ta ce, "Ni fa ko 'yar ƙwaya na jefa a murhu sai maƙwabta sun ji. Rumbu guda ya ƙone, hancina bai ji komai ba?"

Kura ta ce, "Birai ne! Har ƙamshin sun sace!"

Kurege ya dafe ƙirji. "Azzalumai! A buhu suka ɗure shi, ranki ya daɗe, ko a ƙwarya?"

Wuri ya kece da dariya. Akuya ta ce, "Wai ma wa ya ga Biran?" Kura ta wage baki za ta yi tsawa, sai gyatsa ta riga ta fitowa. Filin nan kaf ya ɗauki ƙamshin gyaɗa.

Kurege ya ce, "Alhamdu lillahi, sun dawo da shi."

Da safe aka kaɗa ganga, aka kaɗa, aka kaɗa. Ko ƙadangare bai fito ba. Zaki ya dubi rafi, ya dubi Kura, ya ce, "Ni sarki ne, ba na shiga gaba. Wuce."

Ta wuce. Daga bakin raminsa Kurege yana jin duwatsu na sauka, tim, tim, yana cewa, "Allah sarki, da yanzu kaina ne."

Kurunkus kan ɗan kurege. In an ce ku tashi yaƙi, ku fara shinshina tukuna. In kuma kun ci gyaɗar jama'a, kada ku wage baki a taro.