Hannun Hagun Inna Balaraba

Akwai wani saurayi a Damagaram mai suna Idirisu, asalinsa ɗan ƙauyen Guna ne. Ya ɗan taɓa lakwal, wato boko, aka ɗauke shi anfirme, malamin asibiti, cikin masu bin ƙauyuka suna binciken kuturta. Lokacin saura shekara uku a samu 'yancin kai.

Aikin ba shi da wuya. Mutum ya rufe ido, a shafa masa auduga a hannun dama, sannan a na hagu, ya faɗi ko ya ji. A cikin kaye, littafin da ake rubuta sakamako, kowa gurbi biyu gare shi, dama daban, hagu daban.

To, kun san mutanenmu, ba mai miƙa wa wanda yake girmamawa hannun hagu. Na dama za a ba ka, ɗayan yana cikin riga ko mayafi. Idirisu ya gaji da roƙo. Sai ya koma duba na dama kawai, abin da ya gani ya kwafe a gurbin hagu. Kafin azahar ya gama ƙauye guda.

Wani dattijon anfirme, Mai Nasara, ya leƙa kayensa ya ce, "Kai ɗan lakwal, yaushe ka ga hagun tsohon can?"

"Baba, jiki ɗaya ne fa. Abin da ke nan shi ke can."

"Ashe? Ni haƙorana na dama duk sun zube, na hagu kuwa har yau goro suke ci."

Idirisu ya yi dariya, ya ci gaba da abinsa.

Rannan aiki ya kai su Guna. Mahaifiyarsa, Inna Balaraba, tana cikin layi. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Ta kau da kai ta miƙo na dama. Ya shafa, ta gyaɗa kai. Ya ga na hagu a dunƙule cikin mayafi, kunya ta hana shi magana. Ya rubuta lafiya, ya sake rubuta lafiya.

Shekarar 'yancin kai ya je gida da turmin atamfa. Ya tarar da ita a bakin murhu tana hira da ƙanwarta Larai. Sai ya ji ƙauri. Hannunta na hagu ne a jikin tukunya, ita kuwa dariya take yi.

"Inna! Hannunki!"

Ta dubi hannun kamar na wata ne.

Ya kawo ta asibitin birni. Lokotoro ya duba ya ce da tun farko aka gani, da ƙwayar magani ta tsayar da cutar kafin ta kashe jijiya. Ya tambaya wa ya duba Guna a wancan zagayen.

"Ni ne," in ji Idirisu.

Da suka fito ya durƙusa gabanta. "Inna, me ya hana ki nuna mini?"

Ba ta dube shi ba. Ta ce, "Larai, gaya wa yaron nan tabon yana nan ranar da suka zo. Na ga ya zama ma'aikaci, ga jama'a, ina ni ina miƙa masa hagu? Na yi ta jira ya ce in kawo. Bai ce ba."

Ta sha magani, cutar ta tsaya, amma ƙunar ta ruɓe ta tafi da yatsu uku. Matar da ke saƙa faifai tun tana budurwa ta koma zaman kallon kaba. Larai ce ke ɗaura mata kallabi kowace safiya, har damina biyu, sannan Allah ya karɓi abarsa.

Darasi: Abin da idonka bai gani ba, kada hannunka ya rubuta shi. Wanda aka ba amanar jikin mutane ya duba kowane ɓangare da kansa, ya tambaya ko da kunya za ta kashe shi, don wani mara lafiyar ladabi ne ya rufe masa baki. Ku isar da wannan ga duk mai aikin asibiti da kuka sani, ku kuma sa Inna Balaraba a addu'a.