Albashin da Ya Karya Bayan Jaki

An yi wani Goggon Biri da ya gaji sarautar Tudun Kanya, mai son yabo fiye da yadda yake son abinci. Kada ku kalle ni. Ni yabon da ake yi mini na cancanta ne, kuma har yau ba a cika mini shi ba.

A garin akwai Jaki mai haƙuri, shi ke noma gandun sarki. Tun zamanin kakanni doka ce, duk wanda ya yi wa gari aikin yini ba a sallamarsa da ƙasa da mudu ɗaya na gero. Mudun nan bai taɓa ƙosar da Jaki da matarsa Jaka ba, amma yana hana su kwana da yunwa. Akwai kuma Gafiya mai ramin ajiya a bayan ganuwa, wadda ba ta mance abin da ta bayar.

Wata rana Jaki ya je fada ya durƙusa, ya roƙi a ƙara masa ko da cikin tafi ne. Biri ya duba ya ga fada ta cika, ga maroƙa a tsaye.

"Cikin tafi? Ni ne zan yi kyautar cikin tafi? Daga yau mudu biyu."

Maroƙa suka ɗauki kirari, Jaki ya koma gida yana ta kukan murna.

Sai dai gandu bai ƙara faɗi ba, ruwan sama kuma bai ji sanarwar ba. Kafin damina ta yi nisa an fara ganin gindin rumbu. Biri ya aika aka kira Gafiya. Ta ce za ta ba shi dami ɗaya yanzu, da kaka ya mayar mata da biyu. Ya ce ai kaka da nisa, a kawo.

Kaka kuwa ba ta yi nisa ba. Gafiya ta kwashi nata tun a gona, abin da ya shiga rumbu bai kai na bara ba. Biri ya ga in ya janye mudu biyu maroƙa za su yi shiru, sai ya sa a riƙa zuba yashi a cikin gero kafin a auna. Mudu ya riƙa cika har ya yi tozo.

Jaka ce ta fara ganewa, don ita ke zuba geron a ƙwarya da ruwa ta rege shi kafin ta daka.

"Maigida, mudu biyun nan naka, in na rege, ɗaya ne da ɗan kai."

Jaki ya ce sarki ba ya ƙarya, ita ce dai hannunta ke zuba.

"To ga na sarkin nan a gindin ƙwarya," in ji ta. "Ci, tunda ba ya ƙarya."

Masu sayar da kanwa da gishiri ma suka gane. Abin da suke bayarwa a kan mudu ɗaya, yanzu sai an kawo uku. Jaki ya koma fada da kuka, aka ƙara masa. Haka shekaru suka yi ta tafiya, daga uku zuwa biyar, daga biyar zuwa goma. Kowane ƙari sai an kira Gafiya, a ci sabon bashi a biya tsohon, ita kuwa ba ta taɓa cewa a'a ba. Gero na raguwa, yashi na ƙaruwa. Har ta kai Jaki sai ya ɗaura mangala kafin ya iya kai albashinsa gida. Bayansa ya yi gyambo, haƙarƙarinsa suka fito.

Da ya tsufa, Jaka ta matsa masa ya je ya faɗi gaskiya. Ya je ya durƙusa da ƙyar.

"Ranka ya daɗe, roƙo na zo yi. A rage mini albashi. A mayar mini da mudu ɗayan nan na da, mara yashi."

Biri ya fusata, ya ce so ake a ce a zamaninsa aka rage wa talaka lada, wannan ai cin mutunci ne. Nan take ya sa aka mayar da shi mudu ashirin, kuma dole a loda wa Jaki a gaban jama'a kowa ya gani.

Aka loda masa. Ya taka a hankali har ya kai gangaren rijiya, a nan gwiwoyinsa suka lanƙwashe, kayan suka danne shi. Bai sake tashi ba. Jaka ta rege mudu ashirin ɗin don ta yi masa sadaka, abin da ya fito bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Ta dafa ta raba, ta bar garin.

Damina ta zo ta wuce, gandu ya zama jeji. Da kaka Gafiya ta iso fada. Biri ya sa aka jera mata mudu-mudu masu tozo. Ko kallonsu ba ta yi ba, ta ce a kawo mata ƙwarya da ruwa.

"Mai tsabta na ba ka, mai tsabta zan karɓa. Ni ba Jaki ba ce."

Ta rege duk abin da ke rumbu, bai biya rabi ba. Ta haɗa da irin shuka, ta haɗa da gandu, bashi na nan da saura. Maroƙa suka koma bayanta. Ta ce sauran sai ya biya da jikinsa, aka miƙa wa Biri fartanya.

Da ya yi yinin farko a gona, tafin hannunsa duk ya fashe, ya tambayi ladansa a hankali.

"Dokarka ban taɓa ta ba," in ji Gafiya. "Mudu ashirin. Yashin da na rege yana nan jibge a bayan rumbu, a auna maka. In ka dage za ka sami gero a ciki."

Darasin wannan labari shi ne, albashi ba yawan mudu ba ne, abin da ya rage a ƙwarya ne bayan an rege. Shugaban da ke ƙara lada da bakinsa alhali gona ba ta ƙaru ba, bashi yake ci da sunan gobe, kuma talaka ne ke fara biya da bayansa kafin abin ya iso kan shugaban.