Yadda Sallau Dillali Ya Ga Ɗan Farinsa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya tsaga wa bayinSa ji da gani, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ni Abdulrauf, mai sayar da harawa a karar Dakoro, wato kasuwar dabbobi, mafi ƙanƙantar masu zama a zauren Shaihinmu, zan faɗi abu guda daga cikin karamominsa, wanda idona ya gani, ba wanda aka ba ni labari ba. Shi dai Shaihinmu malami ne faƙihi, arifi billahi, mai tsantseni da gudun duniya, wanda ya sha Alƙur'ani ya ƙoshi, ya ratsa fiƙihu da hadisi har ta kai idan mas'ala ta gagari malaman Sabon Maci da na Tagris, zaurensa ake kawo ta a warware. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ya hane mu da hakan. Maganarsa kaɗan ce, kuma ban taɓa jin ya nuna wa kowa cewa shi wani ne ba, Allah Ya ƙara masa yarda.

Ina da maƙwabci, Sallau dillalin shanu, dattijo ne da furfura ta gama da gemunsa. A zamaninsa idonsa abin kwatance ne, domin tun daga bakin kara zai hangi bijimi ya gaya maka na wace ruga ne, ya karanta maka shaidar wutar da ke cinyarsa. Ga baki, ga gardama, sigari kuwa ba ya barin leɓensa, sai ka ce da shi aka haife shi. Da shekaru suka ja, ido ya fara yi masa wani irin ciwo wanda babu ja, babu ƙaiƙayi, babu ruwa. Duk abin da ya zuba wa ido sai tsakiyarsa ta ɓace, gefe da gefe kuwa yana nan garau. Idan ka tsaya gabansa yana ganin hularka da takalmanka, fuska babu. Idan ya dubi sa, ga ƙaho ga wutsiya, shaida ta shige duhu. Turken lantarkin da kowa ya san a miƙe yake, shi a karkace yake ganinsa.

Mutanen kasuwa ba su gane wannan ciwo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mutumin da zai wuce amininsa babu gaisuwa, a wannan takun kuma ya daka tsawa cewa ga akuya can gefe tana cin harawata, wa zai yarda ido ne? Wasu suka ce girman kai ya same shi da tsufa. Ni kaina na sha ce masa, makahon da ke ganin akuya ai sai a Dakoro.

Sallau yana da ɗan fari, Mamani, wanda ya tafi Libiya neman abinci tun yana saurayi, shekaru suka yi ta wucewa bai dawo ba. Kowa ya san al'adarmu ta kunyar ɗan fari, amma Sallau ya riƙe ta fiye da kowa. Bai taɓa kiran sunan yaron ba sai dai ya ce wancan, bai taɓa ɗaukarsa gaban mutane ba, kuma idan yaron ya shigo wuri, uban sai ya kau da kai ya dubi bango. Ana nan sai labari ya zo ta wayar salula cewa Mamani zai dawo gida bayan girbi. Daga ranar Sallau ya rasa sukuni. Bai faɗa wa kowa dalili ba, kunya ba za ta bar shi ba, amma ni da katanga ɗaya ta raba mu na gane abin da ke cinsa: tsoro yake ɗansa ya tsaya gabansa cikin mutane ya kasa gane shi.

A wannan tsakanin wani baƙo ya sauka a garin, irin masu ture yanar ido da tsinke. Mu kuwa a nan, duk tsohon da ganinsa ya dushe, yanar ido ce, ba mu san wani suna ba. Sallau ya yanke shawarar kai masa idonsa shi kaɗai, ko matarsa Raudatu bai gaya wa ba.

Ranar kasuwa da hantsi muna zaure, Shaihinmu yana karanta mana babin taimama, sai ya tsaya a tsakiyar layi, ya rufe littafin a kan yatsansa, ya ce, “Abdulrauf, babur ɗinka na da mai?”

Na ce, “Akwai, Allah Ya gafarta Malam.”

Ya ce, “Tahi bayan kara, gindin aduwar da ake ɗaure raƙuma. Ka ce ma Sallau ina gaishe shi, kuma nashi ba yana ba ce. Kada ka tsaya gaisuwa a hanya.”

Ina rantsuwa da wanda raina ke hannunSa, tun da muka zauna babu wanda ya shigo zauren, Shaihinmu ba ya riƙe salula, Sallau kuwa rabonsa da ƙofar nan tun gaisuwar Salla. Na hau babur na kutsa tsakanin tumaki da amalanke, ana ta zagina ban waiwaya ba. Na iske Sallau kwance a tabarma, kansa bisa cinyar baƙon, mutum biyu sun danne kafaɗunsa, tsinke yana hannu. Na ƙwala kira tun ban kashe babur ba.

Sallau ya ce, “Kai mai harawa, mi ya kawo ka? Wa ya gaya maka ina nan?”

Na isar da saƙo yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Baƙon ya juya fuskar Sallau wajen rana, ya buɗe idon ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce shi ma tun farko ya yi shakka, domin ƙwayar baƙa ce wuluk ba fara ba, tsohon ne ya matsa masa. Ya naɗe kayansa. Sallau ya tashi yana ta faɗa, na goya shi muka nufi zaure.

Da ya durƙusa gaban Shaihinmu sai faɗan ya mutu, ya roƙi a yi masa rubutu ya wanke idon. Shaihinmu, Allah Ya ja kwanansa, ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo muka shafa, sannan ya ce, “Addu'a mun yi, saura sababi. Gobe ka shiga mota zuwa Maradi wurin lokotoron ido. Abin da ya tahi ya tahi, abin da ya rage shi za ka tsare.” Sai ya miƙa masa tafin hannunsa. Sallau ya laluba aljihu ya fiddo kwalin sigari ya ɗora. Yana yunƙurin tashi Shaihinmu ya ƙara da cewa, “Baƙon da kake jira, za ka gane shi tun bai yi sallama ba.” Sallau ya koma ya durƙusa, domin maganar da ya ɓoye wa duniya ce aka faɗa masa a fili.

Ni na raka shi Maradi. Lokotoron, wato likitar, wata mata ce natsattsiya, ta ɗiga masa magani, ta leƙa cikin idon da na'ura, sannan ta yi mana bayani da Hausa tsantsa. Ta ce babu yana ko kaɗan. Ciwon can bayan ido yake, a wani ɗan wuri na tsakiya wanda da shi ake gane fuska da rubutu, tsufa ke cinsa, taba na ƙara masa sauri, hawan jini ma haka, kuma yana bin dangi. Ta ce abin da ya ci ba ya dawowa, amma galibi ba ya taɓa ganin gefe, saboda haka ba zai makance gaba ɗaya ba. Da tsinken nan ya shiga, in ji ta, babu abin da zai ture, sai dai ya tafi da sauran ganin da ya rage. Ina jin haka na yi ta salati a zuci, domin abin da na'ura ta nuna mata shi Shaihinmu ya faɗa daga kan buzunsa.

Ta ce ya rabu da taba har abada, ya riƙa shan maganin hawan jini, ya sa tabarau saboda rana, ya yawaita cin zogale da rama da yakuwa da ƙwai. Ta ce lokaci lokaci ya rufe ido ɗaya ya dubi dogaran ƙofa, idan ya ga sun yi sabuwar karkata ko duhun ya ƙaru farat ɗaya, kada ya kwana biyu bai zo ba, domin akwai irin ciwon da ake tarewa da allura idan an yi hanzari.

Sallau ya ce, “Ni da na tsufa cikin nama da nono, yau ganye? Hajiya, akuya kika ɗauke ni?”

Ta yi dariya ta ce akuya dai ba ta zo mata da ciwon ido ba. Daga ƙarshe ta ce ya koyi kau da ido kaɗan daga abin da yake son gani, don gefen idon ya ɗauko masa shi. Wannan kam Sallau ya ƙi ta ƙememe, ya ce dillalin da ba ya duban mutum ido da ido ai macuci ne, shi ba zai koyi kallon ɓarayi da furfura ba. Da muka dawo ya kai ƙara zaure, Shaihinmu ya saurare shi har ya gama, ya ce, “Ba sabon karatu ba ne gare ka, Sallau. Ka daɗe da iya shi.” Sallau ya fito yana tambayata ko na gane, na ce wallahi ban gane ba.

Haka aka ci gaba da zama. Raudatu ta riƙa yi masa kwaɗon zogale yana ci yana mita. Rashin sigari ya sa sai da ya yi faɗa da rabin kara kafin ya huce. Ya koma shafa cinyar sa da hannu don karanta shaida, ya fara rarrabe mutane da murya. Shaihinmu ya faɗa a zaure cewa duk wanda zai gai da Sallau ya fara faɗin sunansa, maganar girman kai kuwa ta mutu daga nan. Har yau za ka ga dattawan zaurenmu, kafin su shiga karatu, kowa ya rufe ido ɗaya yana duban dogaran ƙofar, baƙo ya yi ta mamaki.

Aka yi girbi aka ɗaure dammuna, Mamani shiru, salularsa ma ta daina shiga. Wata ranar kasuwa muna rumfata, kara ta cika ta batse, Sallau ya fuskanci wani bijimi yana ciniki da wani Bafulatani. Can gefen hanya, ta hannun damansa, motar Agadas tana sauke fasinja. Sai na ji ya yanke magana a tsakiyar ciniki. Bai juya kansa ba, ya ce a hankali, “Abdulrauf, wancan ya zo.”

Na ce, “Wa?”

Ya ce, “Mai jaka a kafaɗar hagu, mai jefa ƙafa irin ta kakansa. Tashi ka kama mishi kaya.”

Na zuba wa mutumin idona biyu masu lafiya, ban gane shi ba. Dogo ne ramamme, ya tara gemu, ya yi naɗi irin na mutanen arewa. Sai da na matsa kusa ya kira sunana, sannan na san Mamani ne, yaron da aka haifa a bayan katangata. A nan na gane maganar Shaihinmu, domin tun Mamani yana rarrafe ubansa bai taɓa saninsa da tsakiyar ido ba. Duk tafiyarsa da tsayuwarsa da yadda yake ɗaukar kaya, da gefen ido ya haddace su, gefen kuwa shi Allah Ya bar masa.

Mamani ya zo ya durƙusa ya gai da ubansa. Sallau ya kau da kai ya fuskanci turken rumfa. Mutane suka yi ta cewa, “Kai, Sallau da kunya, har yau ba ta sake shi ba!” Ni da ke kusa na ga hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin tabarau, kuma na san ta inda idonsa ke gani. Kallon ɗansa yake yi, kallon da bai taɓa samun yi ba gaban mutane, babu mai cewa ya yi rashin kunya. Ya daɗe a haka bai motsa ba, har Bafulatanin ya ja bijiminsa ya tafi. Sannan ya ce da ni, “Ka ce ma wancan ya rame.”

Da la'asar na kai wa Shaihinmu labari ina zumuɗi. Ya yi hamdala, ya ce, “Ka ce ma Mamani shi ma ya bar sigari, idon ubanshi gare shi.” Ya buɗe littafi muka ci gaba da karatu.

Wannan ɗigo ne daga kogin karamomin wannan bawan Allah, waliyyi mai ɓoye kansa, wanda Ubangiji Ya haskaka wa basira har yake ganin abin da ke bayan kara da abin da ke bayan ƙirji. Ya Allah Ka ƙara masa lafiya da nisan kwana, Ka ɗaukaka darajarsa, Ka sa mu cikin albarkarsa mu da iyayenmu da ƴaƴanmu, Ka tsare mana abin da ya rage na ganinmu har mu gama kallon waɗanda muke ƙauna. Amin.